Sallau da Layin da Ke Katsewa

Ku gyara zama ku ji labarin wani gida a Rafin Ɗinya, garin nan da babban titi ya raba biyu. Mutum uku ne a gidan, sai awaki. Akwai Malam Kallamu, tsohon ma'aikacin lafiya da ya yi ritaya ya buɗe ƙaramin asibiti a gaban gidansa. Mutum ne mai tsare gida, ya gwammace ya kwana da ciwo da a ga gazawarsa. Akwai matarsa Lantana, wadda ta karanci ɗaukar hoton ƙashi, ita ke riƙe da ɗakin hoto. Sai ƙanenta Sallau.

Sallau ba yaro ba ne. Furfura ta fara leƙowa a gemunsa, ga ƙarfi kamar ingarman doki. Ba ya ƙarya, ba ya ɗauke-ɗauke, ba ya ƙin aike. Illarsa ɗaya ce: yadda magana ta fito daga bakinka haka yake haɗiye ta, ba ya ɓare mata ɓawo. In ka ce ya sa ido a kan tukunya, za ka dawo ka tarar ya kifa fuska a kan murfi. Tun rasuwar mahaifiyarsu Lantana ta ɗauko shi. Shi ne shara, shi ne ɗiban ruwa, shi ne ɗaukar mara lafiya daga mota zuwa gado. Ita kuwa ta koyi auna magana a gabansa kamar yadda take auna magani.

Asibitin ba shi da likitan da ke karanta hoto. Mai karanta musu tana Zariya, Dakta Saratu. Hoton ƙashi kuwa nauyi gare shi, in aka ɗauke shi da waya aka tura, ƙaramar tsaga mai kaurin gashi ɓacewa take. Don haka suka kama hayar saba a wurin wani Injiniya Zayyanu a Kano.

“Yaya, mece ce saba?” in ji Sallau.

“Kwamfuta ce babba a wani gari mai nisa. Mun kama hayar ɗaki a cikinta. Daga kan kwamfutar nan tawa nake shiga da sunana da kalmar sirri, in ajiye hoto, Dakta ta buɗe daga can ta duba.”

“To wa ke share ɗakin?”

“Ba ya datti.”

Sallau bai gamsu ba. Bai taɓa jin ɗakin da ba ya datti ba.

Abu yana tafiya lafiya har bazara ta kama, sai layin ya fara katsewa. Lantana za ta shiga, ta fara tura hoto, koren zanen nan mai nuna tafiyarsa ya fara rarrafe, sai allo ya sandare, wani ɗan akwati ya fito ya ce an cire ta. Duk abin da ya tafi ya zube, sai a koma farko. Wani lokaci ta wuni lafiya, wani lokaci ya katse mata a jere har ta rasa inda za ta sa kanta. Malam Kallamu in ya ji tsakinta sai ya murtuke fuska ya shige ofishinsa ya turo ƙofa.

Wata rana layin ya katse ana tsaka da tura hoton wata tsohuwa da ta zame a bakin rijiya. Lantana ta dafe kai ta ce, “Wayyo ni, wa zai ƙulla min layin nan ya daina tsinkewa?” Ta fita ba wa 'ya'yan tsohuwar haƙuri. Sallau yana shara a bakin ƙofa. Ya leƙa bayan tebur, ya ga wayoyi birjik, baƙaƙe da shuɗɗa, kowace ta kama gabanta. Ya ce a ransa, ai dole su tsinke. Abin da ba shi da baki ba ya ƙulluwa, don haka ya zare su ɗaya bayan ɗaya daga bango da jikin injin, ya haɗa kawunansu, ya yi musu ƙullin da yake wa bunsurun gidan mai tsinka igiya. Lantana ta dawo ta tarar allo baƙi ƙirin, injin hoto ya yi tsit, hoton tsohuwa ya bi ruwa.

“Sallau, me ka yi?”

“Ja ki gani, Yaya. Ko saniya ba ta tsinka shi.”

Sai bayan la'asar aka kwance ƙullin, da allura da haƙori. Aka sake ɗora tsohuwa kan teburin hoto tana nishi tana kiran sunan Allah, babban ɗanta yana tsaye yana kallon Lantana irin kallon da ya fi zagi ciwo.

Wata rana ta kira Injiniya Zayyanu. Hannuwanta biyu suna kan kwamfuta, sai ta buɗe muryar wayar ta ajiye a tebur. Ya tambaye ta wuta, ta ce suna da sola. Ya tambaye ta data, ta ce akwai. Ya ce, “To Sista, mu fara daga ƙananan abubuwa. Ki rufe duk windunan da ke buɗe, kada ki bar ko ɗaya. Su ma suna cin ƙarfi.” Shi yana nufin na cikin kwamfuta, ita ma su ta shiga rufewa. Ba ta ga fitar Sallau ba. Ya bi ɗakin maza ya rufe tagogi, ya bi ɗakin mata ya rufe, wadda sakatarta ta lalace ya ɗaure ta da tsumma, ya toshe ƙasanta da kwali. Rana tana tsakiyar ka, kwanon rufi yana ƙara don zafi. A ɗakin mata akwai wata mai ciwon asma da aka kwantar da safe. Ihun 'yarta ne ya fito da Lantana a guje, ta tarar matar ta kama ƙarfen gado, idanu waje, numfashi yana fita da kuka kamar usur. Malam Kallamu ya iso da allura, Lantana ta sa ƙafa ta ɓalle tagar da aka ɗaure. Da matar ta dawo hayyacinta, Malam ya juya.

“Wa ya rufe tagogin nan?”

“Ni ne, Malam,” in ji Sallau. “Mutumin cikin waya ya ce suna cin ƙarfi.”

Malam ya kau da kai daga gare shi. Lantana ya kalla, ita kuwa ta sunkuyar da kai. Layin kuma bai daina katsewa ba.

Wata rana Injiniya ya ce wataƙila sabis ne ke rawa. Ya tambayi inda rauta take, wato ɗan akwatin nan mai fitilu da ke kamo sabis ya raba wa kwamfuta. Lantana ta yi hankali wannan karon, wayar tana manne a kunnenta. Ta ce masa tana ƙarƙashin tebur. Ya ce haba, a ɗaga ta sama. Ita kuma, don kada ta manta, sai ta maimaita a fili: “A ɗaga rauta sama, iya saman da za a iya.” Kafin ta miƙe aka kira ta ga wani mai zazzaɓi.

Hayaniyar titi ce ta fito da ita. Mutane sun cika bakin asibiti, kowa ya ɗaga kai. Ta bi idanunsu. A ƙolin tankin ruwan unguwa, wanda tsaninsa ya yi tsatsa har wasu matakan sun zube, Sallau ne tsaye. Ya miƙa rauta sama da hannu biyu kamar mai roƙon ruwa, wayarta tana lilo, iska tana kaɗa rigarsa.

Wani ya yi ihu, “Kai, sake ta!” Wani mai shayi ya ƙara da cewa, “Diro mana, wawa!”

Sallau ya leƙo ƙasa. “Yaya, wai in diro?”

Lantana ta ɗaga hannu biyu sama. “A'a! Kada ka diro! Tsaya inda kake!” Ta juya ga taron. “Don girman Allah kowa ya kama bakinsa. Ni kaɗai zan yi magana.”

Aka yi tsit. Ta san kalma ɗaya ta kuskure, sai dai a kwashe shi a zani. Ba ta ce masa ya sauko ba, don sauka iri-iri ce.

“Sa rauta a cikin rigarka. Yawwa. Durƙusa. Kama ƙarfen tsani da hannun dama, ka riƙe da ƙarfi. Yanzu da na hagu. Miƙa ƙafar dama ƙasa a hankali har ta taɓa ƙarfe. Ta taɓa?”

“Babu ƙarfe a nan, Yaya.”

“Kada ka saki hannunka. Ƙara miƙa ta. Ƙara.”

“Ta taɓa.”

Haka ta sauko da shi, hannu da ƙafa, hannu da ƙafa, har ya taka ƙasa. A lokacin ne ita kuma ta zauna daɓas a kan yashi. Sallau ya zaro rauta daga riga ya duba ta.

“Ba ta son sama, Yaya. Ina cire ta daga bango fitilunta suka mutu, har can ba su tashi ba.”

Ranar, bayan an ci tuwo, Malam Kallamu ya ce, “Lantana, ƙanenki in bai kashe kansa ba zai kashe mana wani. Asibiti ba gidan wasa ba ne.”

“Ka yi haƙuri, Malam. Bakina ne ya yi saurin magana. Layin nan ne ya ruɗa ni.”

“To ki gaya wa layin na gaji.”

Wata rana Injiniya ya zo da sabuwar shawara. Ya ce sabar takan kori mai shiga in ya daɗe bai motsa komai ba, kuma kwamfuta in ta yi barci layi yakan tafi da ita. Ya ce ya gyara nasa ɓangaren, ita kuma ta kula. Lantana ta kai wa Malam labari a tsakar gida, ƙasa-ƙasa, ta ce, “Ya ce kada a bar kwamfutar ta yi barci.” Ba ta san Sallau yana bayan danga yana ba awaki dusa ba. Da ta shiga sallar azahar, ya je ɗakinsa ya ɗauko goron da yake ɓoyo a cikin jiƙaƙƙen tsumma, farin goro mai kyau wanda shi kansa bai yarda ya ci ba. Ya fasa shi, ya gutsuttsura da haƙori, ya bi duk wata kafa da ke jikin kwamfutar yana cusawa, na gaba da na baya, har ramukan da iska ke fita. Malam ne ya fara jin ƙarar, fankar ciki tana gurnani kamar injin markaɗe ya ci dutse, ga wari yana tashi. Ya fizge wayar wuta.

“Me ka sa mata?”

“Goro, Malam. Duk mai gadi shi yake ci.”

Malam Kallamu ya yi magana a hankali, abin da ya fi faɗansa ban tsoro. Ya ce ranar kasuwa akwai motar da ke shiga ƙauyen kawun su Lantana. Can babu waya, babu tanki, babu mara lafiya. Ya ce Sallau ya haɗa kayansa.

Lantana ba ta yi musu ba. Ta san kawun, ta san yaran ƙauyen da jifa, ta kuma san matar nan mai asma saura kaɗan ta tafi. Ta zauna da hantsaki tana zaro gutsattsarin goro ɗaya-ɗaya, hawaye yana ɗiga a kan tebur. Sallau ya tsuguna kusa da ita.

“Ɗaci ya yi mata yawa ne, Yaya? Ai fari na ba ta.”

Kwamfutar ta tashi, da ikon Allah. Layin kuwa ya ci gaba da halinsa.

Wata rana, ita ce ranar kasuwar, Sallau ya yi wanka ya sa rigarsa ta Juma'a, ya zauna a lungun asibiti da jakarsa a kan cinya yana jiran mota. Lungun nan ƙofar ƙarfe ɗaya gare shi daga tsakar asibiti, in ka shige ta ɗakin hoto yana dama, ofishin Malam yana hagu. Hantsi ya ɗaga sai ga a-kori-kura ta shigo da gudu. Mati magini ne ya faɗo daga saman benen da suke ginawa a bakin kasuwa. Abokan aikinsa suka shigo da shi a kan ƙyaure, yayansa Ilu yana gaba yana share hanya.

Mati yana magana, amma da ƙyar. Ya ce wuyansa ne, kuma yatsunsa kamar kiyashi ke bin su. Da jin haka Lantana ta naɗe tawul biyu ta tokare kansa hagu da dama.

“Mati, ko ƙuda ya sauka a hancinka kada ka juya kai.”

Ta sa aka zame shi kan teburin hoto a miƙe, ta fitar da kowa, ta ɗauki hoton. Ta dube shi, ta ga kamar wani abu, ta ga kamar ba komai. Wannan aikin idon Dakta Saratu ne. Ta kira ta, Dakta ta ce tana gaban kwamfutarta, a turo.

Koren zane ya fara rarrafe. Ya katse. Ta sake shiga. Ya ɗan yi gaba, ya katse. Malam Kallamu ya leƙo, ya ga fuskarta, ya juya ofis. Ta sake shiga. Ya katse tun kafin ya motsa.

Daga tsakar asibiti muryar Ilu ta tashi. “Likita! Likita, fito! In injinku ya gaza ku ba mu ɗan'uwanmu. Akwai maɗori a Tudun Makera, ja ɗaya zai yi wa wuyan ya koma wurinsa. Mota tana jira!” Malam ya fito daga ofis da sauri ya nufi waje don ya lallashe su.

Mati ya ji sunan maɗori ya fara yunƙuri. Lantana ta tashi ta riƙe kansa da hannu biyu, ta danna lambar Injiniya da ɗan yatsa, ta bar muryar a buɗe. Ta manta da Sallau sam.

“Injiniya, rai ne a hannuna yau. Ka gaya min gaskiya, mene ne?”

Ana jin ƙugin mota ta wayar. Can ya ce, “Sista, na buɗe tarihin shiga sabar ta wayata. Da tun farko nan na duba. Ba sabis ba ne, ba rauta ba ce. Wani ne ke shiga da sunanki da kalmar sirrinki daga wani layi daban. Ɗakin kuwa mutum ɗaya yake ɗauka. In ya shiga ya fitar da ke, in kin shiga kin fitar da shi.”

“Innalillahi. Wane ne?”

“Ban sani ba. Kuma ina kan hanya, canza makullin, wato kalmar sirrin, sai na isa ofis. Abin da ake buƙata kawai a rufe ƙofa, kada kowa ya shiga sai ke.”

Sallau ya leƙo daga lungu. “Yaya, kowa da kowa?”

“Kowa, Sallau, don Allah ƙyale ni.”

Ba ta ma san me ta amsa ba. Ta lallaɓa Mati ya natsu, ta koma kan kujera, ta yi bismillah ta sake shiga. A daidai lokacin ta ji ƙarar sakatar ƙarfe, ƙarau, ta sama, sannan ta ƙasa.

“Sallau, buɗe.” Muryar Malam ce.

“An ce kada kowa ya shiga sai Yaya.”

“Ni ne fa! Ofishina zan shiga!”

“Na tambaya, Malam. An ce kowa.”

Sai duka ya fara. Da tafin hannu, sannan da ƙafa. Ilu yana ihu an kulle masa ƙane, za a kashe shi a ɓoye. Wani ya ce a kawo rodi daga mota. Lantana ta leƙa lungu, ta ga Sallau ya jingina baya da ƙofa, ya tokare ƙafafu da bango, jijiyoyin wuyansa sun tashi, jakarsa tana gefe a ajiye tsaf.

“Lantana!” Malam ya ɗaga murya yadda bai taɓa ɗagawa a gaban mutane ba. “Ki ce wa ƙanenki ya buɗe ƙofar nan yanzu!”

Ta buɗe baki za ta faɗa. Kalma ɗaya ce, kuma ta san yana ji zai buɗe. Sai idonta ya koma kan allo. Koren zanen ya wuce rabi. Tun safe bai taɓa kaiwa nan ba. Ta dubi Mati a kan tebur, ta tuna hannun maɗori. Ta rufe bakinta.

Rodi ya shiga tsakanin ƙofa da bango. Ƙarfe yana kuka, siminti yana zuba a kan Sallau. Sakatar sama ta lanƙwashe. Wani duka da aka kai ya sa ƙeyarsa ta bugu da ƙofa, ya yi nishi, bai gusa ba.

“Sista, me ke faruwa?” in ji Mati.

“Kalli silin. Kada ka motsa.”

Zanen yana tafiya kamar hawainiya. Lantana ta damƙe gefen tebur har farcenta ya yi fari. Mijinta yana kiran sunanta, ita kuwa ba ta taɓa ƙin amsa masa ba tun da aka kawo ta gidan. Saura kaɗan. Saura ɗan ƙiris. Ya cika.

Ba ta gama sauke numfashi ba wayar ta yi ƙara. Dakta Saratu ce, tana magana da sauri. “Akwai tsaga a ƙashin wuyansa. Kada ya zauna, kada ya juya, kada wanda ya taɓa shi. In aka ja wuyan nan ba zai ƙara taka ƙasa ba. Na turo motar asibiti da abin ɗaure wuya.”

Lantana ta fito lungu da wayar a hannu. “Sallau, matsa gefe. Zare sakatar ƙasa. Zare ta sama.”

Ƙofa ta buɗe, Ilu ya faɗo ciki da rodi a hannu. Ta tare shi da wayar a fuska. “Dakta, ga yayansa. Maimaita masa.” Dakta ta maimaita. Ilu ya saurara, rodin ya sauka a hankali har ya taɓa ƙasa. Ya leƙa ɗakin hoto ya ga ƙanensa kwance yana ƙifta ido, sai ya koma baya ya jingina da bango ya rufe fuska da hula.

Malam Kallamu ya wuce Sallau ko kallonsa bai yi ba, ya shige ofis. Lantana ta koma kan kwamfuta don ta tura hoto na biyu da Dakta ta nema. Ta fara ke nan allo ya sandare. Ɗan akwatin nan ya fito.

Ta zauna tana kallonsa. Duk tsawon lokacin da ƙofa take kulle layi bai ko girgiza ba. Ta tashi a hankali, ta tsallaka lungu, ta tura ƙofar ofis ba sallama. Malam yana zaune, tabarau a karan hanci, wata sabuwar laftof a buɗe a gabansa, wayarsa tana gefe tana ba ta sabis. A kan allon, ga ɗakin hayarta nan, ga hoton wuyan Mati.

“Malam, da sunan wa ka shiga?”

Ya ɗago, ya yi kamar zai rufe, ya fasa. “Da naki. Na ga kina bugawa na riƙe. Dubawa kawai nake in ga ko ya gyaru. Ni ma korata yake ta yi.”

“Ni ce nake korarka. Kai kuma kana korata. Injiniya ya ce mutum ɗaya ɗakin yake ɗauka.”

Malam ya cire tabarau. Ya ajiye shi a kan tebur. Da ya yi magana, muryarsa ta zama ta tsoho. Ya ce farkon bazara ya sayo ta. Abin yana damunsa, asibitinsa ne, amma akwai ɗakin da bai san hanyar shigarsa ba, kuma ya ji nauyin ya ce matarsa ta koya masa. Sai ya riƙa gwadawa shi kaɗai. Da ya ga layi ya fara ba ta wahala, duk sanda ya ji tsakinta sai ya shiga ko Allah zai sa ya gano matsalar ya fid da ita kunya.

Magana ta cika bakin Lantana. Ta tuna tsohuwar bakin rijiya, ta tuna ƙafar Sallau tana laluben ƙarfe a sararin sama. Ta haɗiye duka. Ta miƙa hannu ta rufe laftof ɗin.

“Zan tura hoton Mati. Motar ƙauye kuma ta iso, na ji direba yana kira.”

Ta bar shi a nan. Hoto na biyu ya tafi sumul, ko tuntuɓe bai yi ba.

Ta taga ta ga sauran. Sallau ya ɗauki jakarsa, ƙeyarsa ta kumbura, farar ƙurar siminti a kan rigar Juma'a, ya nufi bakin get. Malam Kallamu ya fito da sauri, takalmi ɗaya a ƙafa.

“Sallau! Zauna. Ba inda za ka.”

Sallau ya zauna. A nan inda maganar ta same shi, tsakiyar get, ya naɗe ƙafa a kan yashi ya rungume jaka. Motar ƙauye ta gaji da jira ta tafi. Can sai ga motar asibiti da jiniya, ta tarar da mutum zaune a hanya. Direba ya danna oda, Ilu ya roƙa, mai shayi ya yi zagi.

“Malam ya ce ba inda za ni.”

Lantana ta yunƙura za ta fita, sai ta ga mijinta ya riga ta. Malam Kallamu ya tsuguna a gaban Sallau, a gaban duk jama'ar da ya tsare wa gida shekara da shekaru. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya yi tunani. Sannan ya fara, a hankali, kalma bayan kalma.

“Tashi tsaye. Matsa gefen dama, mota ta wuce. Yawwa. Ɗauki jakarka ka kai ɗakinka, ka zazzage kayan ka mayar inda suke. Ka zo Yayarka ta duba maka ƙeya. Gobe da safe ka share asibiti.”

“Jibi fa, Malam?”

“Jibi ma.”

Sallau ya ɗan yi tunani. “Gata fa?”

“Gata ma, Sallau. Da citta.”

Sallau ya saɓa jaka a kafaɗa ya shige gida, awaki suka taso suna masa kuka.